Dogon feftayid ko gajere: wanne ya dace da jinin da aka ɗebo a ƙauyukanmu?

Duk wanda zai yi bincike kan yadda ƙwayoyin T, wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin jini, ke tunkarar bairas a jikin mutanen Jahun, Ringim ko Sumaila, akwai tambayar da za ta tsayar da shi tun kafin ya taɓa hannun kowa da allura: wane haɗin feftayid, wato ƙananan guntayen furotin da ake haɗawa a ɗakin gwaji, zai yi oda? Kwalabe ne 'yan mitsi-mitsi, garin da ke gindinsu da ƙyar ido ke ganinsa, amma da dala ko yuro ake biya, kuma kuɗin bincike in ya tafi ya tafi ke nan. Manyan zaɓi biyu ne a gabansa. Akwai dogayen feftayid masu hawa kan juna, waɗanda ke bin furotin ɗin bairas tun daga farkonsa har ƙarshe. Akwai kuma gajeru zaɓaɓɓu, waɗanda aka riga aka sani, ko kwamfuta ta yi hasashe, cewa ƙwayoyin T na gane su. A takardar kamfani kowanne gwani ne. A jinin Bahaushe ko Bafulatanin karkara ba ɗaya suke ba, kuma a mafi yawan ayyukan da ake yi a nan ni ina bayan dogayen.

Ƙwayar T ba ta ganin bairas ɗungurungum yadda antibodi ke ganinsa. Sai ƙwayar jikin da ta kamu ta daddatsa furotin ɗin bairas ɗin, ta ɗora guntayen a kan wasu furotin nata da ake kira HLA, ta fito da su waje, sannan ƙwayar T ta zo ta duba. Zinkernagel da Doherty ne suka gano a 1974, a Ostireliya, cewa ƙwayar T ba ta gane bairas sai tare da waɗannan furotin na jikin mai shi, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1996. A 1986 Alain Townsend da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ɗan guntun da aka haɗa a ɗakin gwaji, daga furotin ɗin bairas na mura, shi kaɗai ya isa ya tayar da ƙwayar. Daga nan sana'ar ta samo asali. HLA aji na ɗaya na riƙe guntu mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 8 zuwa 11, yawanci 9, yana nuna wa ƙwayoyin CD8 masu kisa. Aji na biyu na riƙe wanda ya fi haka tsawo, daga 13 zuwa sama, yana nuna wa ƙwayoyin CD4 masu taimako. Inda rikicin yake shi ne HLA iri-iri ne, dubbai, kowa da irin da ya gada wurin uwa da uba, kuma guntun da ya zauna daram a HLA ɗin wani, a na maƙwabcinsa ko kama shi ba zai yi ba.

Abin da ya sa feftayid ya kori bairas ɗin kansa daga yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje a fili yake: ba ya harbin kowa. Bairas ɗin Lassa, wanda ya kashe ma'aikatan lafiya a Kano a Janairun 2020, ba a noma shi sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na huɗu, amma guntayen furotin ɗinsa kana iya aiki da su a kan tebur na yau da kullum. Cikakken furotin ko dagargazajjen bairas ma ana amfani da su, sai dai dole wasu ƙwayoyin jini su haɗiye su su daddatsa tukuna, abin da ke sa sakamakon ya karkata wajen CD4, ya kuma yi rauni idan an taɓa daskarar da ƙwayoyin. Wannan zaɓi na uku ban ga dalilin ɓata lokaci a kansa ba.

Dogayen, yadda aka saba yin su, kowanne amino asid 15 ne, kuma yana haɗa 11 da na gabansa, wato ana matsawa huɗu-huɗu. Yadda kafinta ke jera kwanon rufi, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa don kada ruwa ya sami kafa, haka ake jera su. Lissafin ya nuna duk wani yanki na furotin da bai wuce amino asid 12 ba, dole a same shi cikakke a cikin aƙalla feftayid ɗaya. Ke nan ko wane irin HLA mutum yake da shi, guntun da zai iya riƙewa yana cikin kwalbar. Ba sai ka san HLA ɗin Inna ko Baffa ba kafin ka fara. Yawansu kuwa ya danganta da tsawon furotin. Furotin ɗin ƙaya na bairas ɗin korona, mai amino asid 1273, yana ba da feftayid 315, shi ya sa kamfanin JPT na Jamus ke raba shi kwalba biyu, 158 da 157. Furotin pp65 na CMV, wani bairas da ke zama a jikin mutane da yawa har abada, mai 561, yana ba da 138. Furotin ɗin cibiya na bairas ɗin ciwon hanta nau'in B ɗan ƙarami ne, feftayid arba'in da 'yan kai sun rufe shi.

Suna da aibu, kuma ba ƙarami ba. Guntu mai 15 ya yi wa HLA aji na ɗaya tsawo, sai an rage masa baki kafin ya zauna, saboda haka amsar CD8 kan fito ƙasa da yadda za ta fito da an ba ta ainihin guntunta mai 9. CD4 kuwa ta sami abin da take so. Sannan idan haɗin ya ba da amsa, bai gaya maka wanne daga cikin ɗaruruwan feftayid ɗin ya jawo ta ba. Sai ka koma ka jera su a jadawali: feftayid 100 a layi goma tsaye da goma kwance, haɗi 20 ke nan, inda layi biyu masu amsa suka gamu nan mai laifin yake. Dabara ce mai kyau, amma jini take ci. Ga kuma DMSO, ruwan da ake narkar da su a ciki, wanda ke cutar da ƙwayoyi idan ya yi yawa. Ƙa'ida ita ce kada ya kai kashi 1 cikin 100 a cikin ramin farantin gwaji, inda ake zuba ƙwayoyin, an fi son rabin haka ko ƙasa, kuma gwargwadon yawan feftayid gwargwadon wahalar kiyaye wannan iyaka.

Gajerun sun rage waɗannan matsaloli sosai. Guntu mai 9 da ya dace da HLA ɗin mutum yana hawa kai tsaye, amsar CD8 ta fito da ƙarfi, feftayid ɗin kaɗan ne, DMSO kaɗan, kuɗi ma yawanci ƙasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne haɗin CEF, na CMV da ɗan'uwansa EBV da bairas ɗin mura, wanda Currier da abokan aikinsa suka bayyana a 2002 da feftayid 23, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 32. Ɗakunan gwajin ƙwayoyin T da yawa a duniya suna da shi a firiza don tabbatar da cewa ƙwayoyin da za a gwada suna raye kuma suna iya amsawa. Ɗan'uwansa na zamani shi ne babban haɗin da ake zaɓo wa feftayid da kwamfuta, ta hanyar manhajoji irin su NetMHCpan na ƙasar Denmak da taskar IEDB da ke cibiyar La Jolla a Amurka. Da irin waɗannan haɗe-haɗen, wasu na hasashe wasu masu hawa kan juna, Grifoni da Sette suka nuna a 2020 cewa duk waɗanda suka warke daga korona a cikin bincikensu suna da ƙwayoyin CD4 masu gane bairas ɗin, kusan kashi 70 cikin 100 kuma suna da CD8.

To me ya hana mu bin wannan hanya mai sauƙi? A jinin wa aka gano waɗannan guntayen? Yawancin abin da ke cikin taskokin nan an tattaro shi ne daga mutanen Turai da Amurka da gabashin Asiya, kuma nau'in da ya fi kowanne samun kulawa shi ne HLA-A*02:01, wanda ya cika Turai. A nan akwai masu shi, amma akwai kuma 'yan'uwansa irin su A*02:02 da A*02:05, waɗanda ba lallai su riƙe abin da yake riƙewa ba, ga A*23 da A*30 da A*68:02 da B*58. Ga kuma B*53, wanda yake da yawa a Afirka ta Yamma, ƙalilan a Turai, wanda Adrian Hill da abokan aikinsa suka danganta da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a yaran Gambiya a 1991. Manhajar hasashe ma da abin da aka ciyar da ita take aiki: nau'in da aka ba ta bayanansa da yawa ta fi iya shi. Kuma ko hasashen ya yi daidai cewa guntu zai zauna a HLA, wannan bai nuna akwai ƙwayar T da ke jiransa ba.

Abin da wannan ke haifarwa ana ganinsa a faranti. Farantin ELISpot, gwajin da ake ƙidaya ƙwayoyin T masu amsawa da shi, ramuka 96 gare shi. Bayan ƙwayoyin sun kwana a inkubeta, an wanke, an zuba sinadarin launi, sai ka ɗaga shi ga haske ka ga ɗigo-ɗigo masu duhu a gindin ramuka, kowane ɗigo wurin da ƙwayar T guda ta zauna ta fitar da intaferon gama, sinadarin da take saki idan ta gane guntu. Ramin PHA, sinadarin da ke tayar da ƙwayoyin T ba tare da ruwansa da HLA ba, yakan cika har ɗigon su haɗe. Ramin DMSO zalla yakan fito fari, ko da ɗigo biyu-uku. Sai ka duba ramin CEF na wani manomi lafiyayye ka tarar da shi fari fat. Wanda bai sani ba zai ce ƙwayoyin sun lalace a hanya, ya jefar da samfurin, ko ya rubuta cewa garkuwar mutumin ta yi rauni. Alhali kusan tabbas yana ɗauke da CMV da EBV tun yana goye, domin a wannan yanki na duniya da wuri ake kamuwa da su. Ƙwayoyinsa na nan, feftayid ɗin ne ba a yi su don HLA ɗinsa ba. Shi ya sa nake ganin dogon haɗin pp65, tare da PHA, ya fi CEF dacewa da zama ma'auninmu. In akwai CEF a firiza a sa shi, amma kada a yanke wa samfuri hukunci da shi kaɗai.

Sai dai dogon haɗin ma yana da tarkonsa, kuma a nan ne mutane suka fi faɗawa. Ya kuɓuta daga matsalar HLA, amma bai kuɓuta daga tambayar wane bairas aka kwafa ba. Kanjamau a Najeriya yawanci nau'in G ne da CRF02_AG, amma haɗe-haɗen da suka fi yawa a kasuwa na nau'in B ne na Amurka da Turai, ko C na kudancin Afirka. Ciwon hanta nau'in B, wanda binciken NAIIS na 2018 ya samu a kashi 8.1 cikin 100 na manya a ƙasar nan, a Afirka ta Yamma jinsin E ne ya fi yawa, kuma ba shi kamfanoni suka saba kwafa ba. Lassa kuwa, yawancin kayan gwaji da alluran da ake gwadawa an gina su ne a kan nau'in Josiah na Saliyo, wanda ke zuriya ta huɗu, alhali zuriya ta ɗaya zuwa ta uku ne na Najeriya. Amino asid ɗaya tak idan ya canza a wurin da ya dace, ƙwayar T na iya wucewa ba ta gane guntun ba. Kafin ka biya ko sisi, nemi jerin amino asid ɗin haɗin daga kamfanin, ka jera shi da na bairas ɗin da aka samu a Najeriya a taskar GenBank. Aikin yamma ɗaya ne a kwamfuta. In bambancin ya yi yawa, ko dai ka ba da odar a haɗa maka naka, wanda ya fi tsada ya kuma fi jinkiri, ko ka koma furotin ɗin da bai cika canzawa ba.

Wane furotin za a zaɓa shi ma yana canza tambayar baki ɗaya. Alluran korona da aka yi wa mutane a nan, AstraZeneca da Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, duk furotin ɗin ƙaya kawai suke koya wa jiki, saboda haka amsa ga haɗin ƙaya ba ta raba wanda aka yi wa allura da wanda ya kamu, sai an ƙara haɗin furotin N ko M na bairas ɗin, waɗanda ba sa cikin allurar. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin a binciken Grifoni da Sette ɗin an sami ƙwayoyin CD4 masu amsawa a kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na jinin da aka ɗiba tun kafin annobar, kuma an danganta wani ɓangare na hakan da 'yan'uwan korona masu sa mura ta yau da kullum. Haka yake a ciwon hanta: allurar da ta shiga jadawalin rigakafin yara a 2004 furotin ɗin fatar bairas ce, amsa ga na cibiya kuwa alamar kamuwa ce. Ga mai binciken ciwon hantar da ya zauna a jiki akwai ƙarin gargaɗi: ƙwayoyin T ɗin da ke gane shi kaɗan ne a jini kuma a gajiye suke, sau da yawa farantin kan fito fari ko wane haɗi aka sa, sai an raine su kamar kwana goma da feftayid da IL-2, sinadarin da ke sa su hayayyafa, kafin su bayyana.

Yanzu batun jini, wanda masu rubuta takardu a ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba. Kowane rami na cin ƙwayoyi 200,000 zuwa 250,000, kuma ana maimaita kowane gwaji sau uku. DMSO, PHA, pp65 da haɗi huɗu na bairas ɗin da ake bincike, bakwai ke nan, sau 750,000, ya haura miliyan biyar. Mililita ɗaya na jinin babba kan ba da wajen miliyan ɗaya zuwa biyu, don haka mililita 10 ya wadatar, in ba a daskarar ba. A zauren mai unguwa, bayan an gama bayani, tambayar dattawa ba ta wuce guda: "Ɗana, wannan jinin duk ina za ku kai shi?" In ka ce, "Baba, cokalin shayi biyu ne, Kano za a kai, kuma ba a sayar da shi," magana na iya tafiya. In ka ce kwalba biyar, ka ji shiru. Ba jahilci ba ne. Mutanen da suka ji labarin gwajin Trovan na 1996 a Kano, suka kuma ga rikicin allurar shan inna na 2003, suna da hujjar tambaya. Ga ƙarancin jini a mata masu ciki da yara, musamman da damina. Wannan ya sa jadawalin gano feftayid ɗaya-ɗaya, mai cin haɗi ashirin ko fiye, ba abin da za a yi wa kowa ba ne. A fara da manyan haɗi kaɗan, sannan a koma wurin 'yan kaɗan da suka ba da amsa mai ƙarfi, da sabon izini.

Hanya ma tana da ƙuri'a a wannan zaɓi. An fi son a raba ƙwayoyin daga jini cikin sa'o'i 8 da ɗiba. Daga ƙauyen da ke bayan Haɗejiya, in an gama ɗiba da azahar, aka haɗu da ranar kasuwa ko hanyar da ruwa ya cinye, lissafin ba ya fita. Jinin ba a sa shi a ƙanƙara, sanyi na lalata aikin ƙwayoyin, kuma ba a barinsa a but ɗin mota a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Kula ake sa shi, a naɗe, da robar ruwa mai ɗan sanyi a gefe wadda ba ta taɓa bututun. Bututun kuma mai koren murfi, na hefarin. Mai murfi shunayya na EDTA, wanda ya fi yawa a asibitocinmu saboda ƙidayar jini, yana kame sinadarin kalsiyam da ƙwayar T ke buƙata kafin ta motsa.

Inda nisa ya yi yawa, mafita ita ce a zuba feftayid ɗin kai tsaye cikin jinin, mililita ɗaya a kowane bututu, yadda gwajin tarin fuka na QuantiFERON ke yi da feftayid ɗin ESAT-6 da CFP-10. A ajiye a digiri 37 na sa'o'i 16 zuwa 24, a ƙaramar inkubetar da batirin sola zai iya riƙewa, ba a buƙatar tukunyar iskar kabon. Washegari a juya bututun a injin raba jini, a kwashe ruwan saman, a daskarar, a auna intaferon gama daga baya a Dutse ko Kano. Ba za ka san ƙwaya nawa suka amsa ba, ko CD4 ce ko CD8, kuma ƙaramar amsa na iya ɓacewa. Saboda wannan raunin ne dogon haɗi ya fi dacewa da shi, tunda yana tattaro amsar CD4 da CD8 wuri guda. Kuma kada a yi wasa da bututun DMSO zalla: mai zazzaɓin cizon sauro, ko mai tsargiya a yankunan noman rani irin su Kura da fadamun Haɗejiya, garkuwarsa na iya zama a tashe ko a danne tun kafin ka zuba komai.

Gajerun suna da ranarsu. In an riga an tantance HLA ɗin mahalarta, kana bin amsar CD8 guda ɗaya daga wata zuwa wata, ko kana son ganin ko wani canji a bairas ya sa ya kuɓuce wa ƙwayar T, babu abin da ya kai ainihin guntun. In akwai na'urar tantance ƙwayoyi da hasken leza, da wutar da ba ta ɗaukewa, su ne ake haɗawa da HLA a yi wa ƙwayoyin alama ɗaya-ɗaya. Amma wannan aikin mataki na biyu ne, bayan dogayen sun nuna inda amsar take. Kuma kowane guntun da aka gano ta wannan hanya a jinin mai B*53 ko A*30 ƙari ne ga taskar da ba ta san mu sosai ba.

Wajen oda, a nemi garin busasshe, ba narkakke ba, domin shi ke jure kwanakin da kaya kan yi a filin jirgi. A tambayi tsarkinsa: kashi 70 cikin 100 na iya isa ga binciken farko, amma an taɓa kama feftayid ɗin kanjamau da ɗan burbushin na CMV ya gurɓata, ya riƙa ba da amsar ƙarya. Kafin a saya, a leƙa BEI Resources na Amurka, wadda ke ba masu binciken da suka yi rajista wasu haɗe-haɗen kyauta, kuɗin jigila kawai za a biya. Kamfanin Miltenyi na sayar da nasa da sunan PepTivator, waɗanda ake narkarwa da ruwa, abin da ke rage ciwon kan DMSO. Kwalba in ta fito daga firiza a bar ta sanyin ya sake ta kafin a buɗe, musamman a Agusta, in ba haka ba raɓa ta shiga garin. Ranar da aka narkar, a raba shi ƙananan bututu na amfani ɗaya-ɗaya, a rubuta kwanan wata, a sa a digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye da haka sanyi. Narkewa da sake daskarewa na cinye feftayid a hankali ba tare da wata alama ba, don haka firizar da ke bin wutar gari kaɗai ba wurinsu ba ce. A nemi wadda ke kan sola, ko da ta ɗakin gwajin wani ce, a ajiye rabin bututun a can.